Me ya sa masu juyin mulki ke son daren 31 ga Disamba?

Idan aka jera manyan abubuwan da suka faru ranar 31 ga Disamba, za a ga sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda aka rubuta ranarsu a takarda tun da wuri, aka sa hannu, kowa ya zauna yana jira. Akwai kuma waɗanda aka shirya a ɓoye, aka zaɓi ranar domin a shammaci mutane.

Kashi na farko ba shi da wuyar fahimta. Gwamnatoci da kamfanoni suna rufe littattafan lissafinsu a ƙarshen shekara, saboda haka lauyoyi ke son yarjejeniya ta ƙare a nan, don kada a raba haraji da albashi da bashin shekara guda tsakanin hukumomi biyu. Amurka ta miƙa wa Panama mashigin ruwanta da tsakar ranar 31 ga Disamba 1999, kamar yadda shugaban Amurka Jimmy Carter da jagoran Panama Omar Torrijos suka rattaba hannu tun 1977. Ƙasar Cekosulobakiya ta rabu biyu da tsakar daren 31 ga Disamba 1992. Tarayyar Rodeshiya da Nyasaland, wadda daga cikinta Zambiya da Malawi da Zimbabuwe suka fito, an rushe ta ranar 31 ga Disamba 1963. Wanda ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne na 1899: a ƙarshen wannan shekara ne gwamnatin Ingila ta karɓe ikon mulki daga hannun kamfanin Royal Niger na George Goldie, ta biya shi diyyar fam 865,000, washegari 1 ga Janairu 1900 Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. Shekara uku bayan haka Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi a watan Maris. Har saukar Boris Yeltsin daga mulkin Rasha ranar 31 ga Disamba 1999 lissafin kalanda ce. Tsarin mulkinsu ya ce a yi zaɓe cikin wata uku idan shugaba ya sauka, don haka zaɓen da ya kamata a yi a watan Yuni ya dawo 26 ga Maris 2000, Vladimir Putin yana riƙon ƙwarya, 'yan adawa kuwa ba su kintsa ba.

Kashi na biyu ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin sau uku a Afirka aka kifar da gwamnati a wannan rana: Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1965, Accra ta Ghana a 1981, Legas a 1983. Ba camfi ba ne, ba kuma dace ba ne. Akwai dalilai na zahiri.

A wancan zamani, duk wanda ya nufi ƙwace mulki da bindiga sai ya haɗa abubuwa kamar biyar cikin awanni ƙalilan. Sai ya sami rundunar da ke da motoci masu sulke kusa da babban birni. Sai ya katse wayar tarho, wadda a lokacin ta wuri guda take bi, ba kamar yau da kowa ke da salula a aljihu ba. Sai ya kama gidan rediyon gwamnati, don shi kaɗai ne muryar da ke isa kowane lungu. Sai ya rufe filin jirgin sama da tashar ruwa. Sannan, wanda ya fi duka muhimmanci, sai shugaban ƙasa da manyan hafsoshin da za su iya ba da umarnin mayar da martani sun shiga hannu ko an raba su da dakarunsu. Tarihin Najeriya ya nuna abin da kan faru idan ɗaya ya kuɓuce. A Janairun 1966 Manjo Nzeogwu ya riƙe Kaduna, amma Janar Ironsi ya tsere wa abokan shirinsa a Legas, sai mulki ya faɗa hannun wanda ba shi suka nufa ba. A Fabrairun 1976 Dimka ya kashe Janar Murtala ya kuma kama gidan rediyo, amma sauran manyan hafsoshi suna nan da ransu, kafin yamma an fatattake shi. A Afrilun 1990 Manjo Orkar ya yi awanni yana magana a rediyo, Babangida ya sulale daga barikin Dodan, Abacha ya tattara sojoji, magana ta ƙare.

Hutun ƙarshen shekara yana sauƙaƙa kusan dukkan waɗannan. Hafsoshi da yawa sun tafi garuruwansu, wanda aka bari kan aiki shi ke da ikon ba da umarni, kuma ana iya shirya jadawalin hutu ta yadda mutanen da ake so su ne za su rage a bariki. Idan aka ga motocin soja a titi cikin dare, sai a ɗauka tsaron bikin sabuwar shekara ne. Ƙarar harbi tana sajewa da ta wasan wuta. Majalisa ba ta zama, kotu a rufe, ofisoshin jakadanci sai ƙananan ma'aikata, ministoci sun watsu. Masu juyin suna samun kwana biyu ko uku kafin wani ya iya kiran taro, kuma kafin nan mutane sun soma sabawa da sabon suna a rediyo. Wannan dabara ba ta tsaya ga Disamba ba. Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani a Yamai ranar 15 ga Afrilu 1974, cikin hutun Ista. Babangida ya tuɓe Buhari ranar 27 ga Agusta 1985 ana cikin hutun Babbar Salla, mataimakin Buhari, Janar Idiagbon, yana aikin Hajji. Robert Guéï ya yi nasa a Abidjan ranar jajiberin Kirsimeti ta 1999.

Abin da ya bambanta 31 ga Disamba da sauran hutu shi ne kasafin kuɗi. Lokaci ne da gwamnati ke fito da lissafinta fili, kowa ya ga abin da aka ba shi da abin da aka yanke masa. Juyin Bangui ya nuna haka ƙarara. Shugaba David Dacko ya tsara kasafin 1966 da ya ƙara wa jandarmomi kuɗi bai biya wa soja buƙatarsu ba, ga kuma raɗe-raɗin cewa zai ɗora shugaban jandarma Jean Izamo a kan hafsan hafsoshin soja, Kanar Jean-Bédel Bokassa. Da yammacin 31 ga Disamba 1965 Bokassa ya kira Izamo ya ce ya zo barikin Roux akwai takardun ƙarshen shekara da ke jiran sa hannunsa. Izamo ya bar wurin biki ya je, aka kama shi, bai fito da rai ba. Dacko yana wajen gari wurin liyafa, Kyaftin Alexandre Banza ya bazu da sojoji cikin birni, kafin asuba shugaban ya sa hannu a takardar murabus. Rigimar kasafi tsakanin rundunoni biyu ita ta haifi mulkin shekara 13 da ya kai ga Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1977.

Na Najeriya ya fi wannan zurfi, kuma har yau ana jayayya a kansa.

Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki ranar 1 ga Oktoba 1979 a daidai lokacin da man fetur ke tashe. Najeriya tana haƙo kimanin ganga miliyan 2 a rana, farashi yana ta hawa. Aka tsara manyan ayyuka a kan wannan lissafi: ginin Abuja, ƙarfen Ajaokuta, masana'antun sarrafa ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo, gidajen da har yau ake kira rukunin gidajen Shagari, da shirin bunƙasa noma. Daga 1981 kasuwa ta cika da mai, masu saye suka ja baya. Haƙon Najeriya ya sauko zuwa wajen ganga miliyan 1.3, a farkon 1983 kuma aka karya farashi, ƙungiyar OPEC ta sauke nata daga dala 34 zuwa 29. Kuɗin shiga daga mai ya ragu da fiye da rabi cikin shekara uku, alhali kwangilolin da aka bayar suna nan, jihohi 19 sun ciwo bashi, ƙasa kuma ta saba da shinkafa da madara da sukari da kayan gyaran injuna na waje.

A Afrilun 1982 gwamnati ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, ta taƙaita shigo da kaya. A nan ne aka samu matsalar da ta fi ɓata mata suna. Da aka bar naira da tsadarta a hukumance, aka kuma ce sai da lasisi za a shigo da kaya, sai lasisin kansa ya zama haja. Wanda ke da uwa a gindin murhu ya karɓi takardar ya sayar wa ɗan kasuwa na gaskiya, ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin a kan buhu, masana'antar da ba ta samu ba ta sallami ma'aikata. Kwamitin shigo da shinkafa da ministan sufuri Umaru Dikko ya jagoranta ya zama abin misali a bakin jama'a. A Arewa kuma wahala ta zo biyu-biyu: damina ta yi gardama a 1983, cutar bushiya ta shiga garken Fulani ta yi ɓarna mai yawa, ga raunin rikicin Maitatsine na Kano a 1980 da na Bulumkutu ta Maiduguri a 1982 bai warke ba. A jihohi da dama malaman makaranta sun yi watanni ba albashi.

Cikin wannan hali aka shiga zaɓen Agustan 1983. Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu, jam'iyyarsa ta PRP ta riga ta dare gida biyu, 'yan adawa sun kasa tsayar da mutum guda. Mai yiwuwa Shagari ya ci ko da ba a taɓa ƙuri'a ko ɗaya ba, kuma wannan shi ne abin takaicin. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ba shi ƙuri'u kimanin miliyan 12, Awolowo kusan miliyan 8, amma a zaɓen gwamnoni sai jam'iyyarsa ta NPN ta tashi daga jihohi 7 zuwa 13, har da Oyo da Ondo inda jam'iyyar UPN ta Awolowo ke da ƙarfi. A Akure, babban birnin Ondo, mutane suka fito, aka ƙone gidaje, aka kashe 'yan siyasa. Daga baya kotu ta ƙwace Ondo daga Akin Omoboriowo na NPN ta mayar wa Michael Ajasin na UPN. Wannan hukunci yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa tsarin yana da hanyar gyara kansa, ko da a hankali.

Sojoji kuwa sun daɗe da ja da baya daga gwamnatin. A watannin farko na 1983 dakarun Chadi suka shiga wasu tsibiran Tafkin Chadi, Manjo Janar Muhammadu Buhari, kwamandan runduna ta 3 mai sulke a Jos, ya kore su ya bi su har cikin ƙasarsu, fiye da inda fadar shugaban ƙasa ta so. Hafsoshi sun kuma lura da yadda ake saya wa 'yan sanda motoci masu sulke a ƙarƙashin Sufeto Janar Sunday Adewusi, suna ganin ana gina wata runduna ce da za ta yi gogayya da su. Kusan irin ƙorafin Bokassa ne game da jandarmomi.

Ranar 29 ga Disamba Shagari ya gabatar da kasafin 1984 a gaban majalisa, kasafi na ƙarin tsuke bakin aljihu, ana kuma tattaunawa da asusun IMF kan bashi. Daga nan ya tafi Abuja, wadda a lokacin ba ta zama babban birni ba, domin sai a Disambar 1991 aka ƙaura. Wato shugaban ƙasa yana nesa da Legas inda ma'aikatu da hedikwatar soja da rediyo suke, yana gari sabo mai ƙarancin layukan waya, da 'yan dogarai kaɗan. Ranar 31 ga wata ta faɗo Asabar, sabuwar shekara Lahadi. A Legas abin ya tafi ba gardama: aka katse waya, aka tsare hafsan hafsoshin tsaro Laftanar Janar Gibson Jalo da na sojan ƙasa Laftanar Janar Inuwa Wushishi, aka kama mataimakin shugaban ƙasa Alex Ekwueme. Abuja ce kaɗai aka zubar da jini. Birgediya Ibrahim Bako, wanda aka tura daga Kaduna ya taho da shugaban, ya ci karo da dogaran fada da suka riga suka samu labari, aka yi musayar wuta, ya rasa ransa. An fitar da Shagari daga masaukin cikin dare, daga baya ya shiga hannu aka kai shi Legas.

Da safe Birgediya Sani Abacha ya yi magana a rediyo. Ya ambaci tsadar abinci, da albashin da ba a biya ba, da asibitocin da suka koma wurin ganin likita kawai, ba magani ba ruwa ba kayan aiki. Aka sa dokar hana fita, aka rufe iyakoki, aka haramta jam'iyyu, aka umarci masu muƙaman siyasa su kai kansu ofishin 'yan sanda. Buhari ya yi wa ƙasa jawabi a matsayin shugaba da shigowar sabuwar shekara, Tunde Idiagbon ya zama na biyu, Babangida ya karɓi rundunar sojan ƙasa.

Zaɓen rana ya taimaka, amma ba shi ya ba su nasara ba. Wannan juyi na manyan hafsoshi ne, masu riƙe da rundunoni a Kaduna da Ibadan da Jos da Enugu ko dai suna ciki ko ba su da niyyar ja, saboda haka babu wanda zai yi abin da aka yi wa Dimka. A waje kuma babu wanda ya fito kare gwamnatin da aka ce ta ci ƙuri'a miliyan 12 wata huɗu da suka wuce. A garuruwa da yawa murna aka yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu su suka tsaga nasu da hannunsu.

Duk da haka, wanda ya duba abin da ya biyo baya da idon basira zai yi wuya ya ce an ci riba. Farashin mai bai san wanda ke kan mulki ba. Gwamnatin soja ta gaji bashin da layin sayen kayan masarufi, ta ƙara da korar dubban ma'aikata. Ta kafa kotunan soja da suka yanke wa tsofaffin gwamnoni hukunci mai tsanani, Sabo Bakin Zuwo na Kano, wanda wata uku kacal ya yi a ofis, aka tara masa shekara 300. Doka mai lamba 2 ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, mai lamba 4 ta kai 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, kurkuku, mai lamba 20 kuma ta koma baya ta hau kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta, aka harbe mutum uku kan safarar ƙwaya a Afrilun 1985. A Yulin 1984 jami'an kwastan na Ingila suka buɗe wani akwati a filin jirgin Stansted suka tarar da Umaru Dikko a sume, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami. Shagari da Ekwueme sun zauna a tsare har 1986, kwamitin da ya bincike su bai same su da laifin cin dukiyar ƙasa ba. Yaƙi da rashin ɗa'a da aka ƙaddamar a Maris 1984 ya koya wa mutane bin layi da share gari, kuma wannan ne abin da masu kewar lokacin suka fi tunawa, amma da bulala aka yi shi.

Mutanen Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni suna da nasu tunanin game da wannan juyi. A ƙarshen Afrilun 1984 Najeriya ta canza launin takardun naira, ta ba da ƙasa da mako biyu a yi musanya, ta ƙayyade naira 5,000 ga kowane mutum, ta kuma rufe iyakokin ƙasa don kada kuɗin da ke waje su dawo. 'Yan kasuwar Nijar da ke ajiye jarinsu da naira suka wayi gari da takardun banza. Daminar wannan shekara ta lalace gaba ɗaya, hatsin da ya saba ƙetarawa daga Kano da Katsina da Sakkwato ya tsaya, makiyayi ba shi da inda zai kai dabbarsa ya sayar kafin ta mutu. Shi ya sa a Nijar ake kiran yunwar 1984 da sunan El Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986.

Na Ghana ya riga na Najeriya da shekara biyu cif, kuma hanyarsa ta bambanta. Jerry Rawlings ƙaramin hafsan sojan sama ne da ya taɓa riƙe mulki wata uku da 'yan kai a 1979, ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba Hilla Limann, ɗan arewacin ƙasar, ranar 24 ga Satumba. Gwamnatin Limann ta yi masa ritayar dole, ta sa masa ido, amma ba ta iya raba shi da ƙananan sojoji ba. Hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100 a 1981, dala tana sidi 2.75 na kuɗin Ghana a hukumance alhali a kasuwar bayan fage ta ninka haka sau da yawa, manoman koko suna fitar da shi ta ɓarauniyar hanya zuwa Togo da Kwaddebuwa. Da asubahin 31 ga Disamba 1981, da sojoji ƙalilan, Rawlings ya kama barikin Burma da gidan rediyo, ya ce wannan juyin juya hali ne. Ya soma da kwamitocin talakawa da kalaman gurguzu. Sai ga shi a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Ghana kimanin miliyan guda suka koma gida a shekarar fari da gobarar daji. A Afrilun 1983 Rawlings ya rungumi shirin IMF, ya karya darajar sidi, wato maganin da aka tsoratar da Limann daga sha. Ya zauna har Janairun 2001, shekara 11 da kaki, 8 da ƙuri'a.

Gwamnatinsa ta mayar da 31 ga Disamba ranar hutu, ana fareti da kuɗin gwamnati. Bayan an koma tsarin mulki a 1993, jam'iyyar adawa ta NPP ta kai ƙara Kotun Ƙoli, tana cewa ba daidai ba ne ƙasar da kundinta ya haramta juyin mulki ta riƙa bikin ranar da aka yi shi. Ranar 29 ga Disamba 1993, saura kwana biyu a yi bikin, alƙalai 5 cikin 9 suka amince da ƙarar, kuma Rawlings yana kan kujerar shugaban ƙasa aka soke hutun. A Najeriya ba a taɓa kai juyin 1983 gaban wata kotu ba. Mutanen da suka shirya shi su ne suka yi ta karɓar mulki daga hannun juna, Buhari wata 20, Babangida shekara 8, Abacha kusan 5, kuma farar hula ba su sake riƙe ƙasar ta hanyar zaɓe ba sai ranar 29 ga Mayu 1999.